Sabon injin niƙan kafe ya ƙi yin laushi: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan wurin shan shayi da kafe a unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maradi, kuma ƙanena ya aiko mini da injin haɗa esfireso (kafe mai kauri da ake matsowa da ƙarfin inji) tare da sabon injin niƙan ƙwayar kafe mai aiki da wuta. Na murza shi har lamba ta 1, wadda takardarsa ta ce ita ce mafi laushi, amma garin yana fitowa da tsaki-tsaki. Kofi yana cika cikin sakan 10, ruwan tsululu, da tsami, kuma babu kumfa a samansa. Wanda ya sayar da injin ya ce in yi haƙuri, sabon inji sai ya saba da aiki. In mayar masa da kayansa ne, ko akwai gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin mayar da injin, amma kuma kada ka zauna jiran ya saba, domin abin da ka kwatanta yakan warware a zama ɗaya idan an bi shi daki-daki.

Injin esfireso yana tura ruwan zafi da ƙarfin da ya kai kimanin bar 9 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsi), kuma garin kafen da aka danne a cikin ɗan kwandon ƙarfen nan mai ƙananan huji shi ne kaɗai yake tare ruwan. Ma'aunin da masu sana'ar suka fi farawa da shi shi ne gari giram 18 ya ba da ruwan kafe giram 36 cikin sakan 25 zuwa 30. Idan naka yana gamawa a sakan 10, ruwan ya wuce ne bai sami abin da ya tsayar da shi ba, sai ya ɗebo tsamin da yake fara fita ya bar zaƙi da kaurin a cikin gari. Kafin ka taɓa komai, ka ɗebi garin ka murza tsakanin babban yatsa da manuni. Garin esfireso ya fi gishirin gida laushi, bai kai fulawa ba, kuma idan ka matse shi yakan ɗan dunƙule ya bar maka alama a yatsa. Tun da ka ce kana jin tsaki, zargina ya fi karkata ga injin niƙan.

Duk wanda ya taɓa kai gero wurin mai inji ya ga yadda yake murza ƙarfen nan na gaba, ya matse idan ana son gari, ya sassauta idan ɓarza ake so. Injin kafe ma haka yake: haƙora biyu ne na ƙarfe, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa, kuma ratar da take tsakaninsu ita ce laushin gari. Lambar da aka rubuta a jikin injin alama ce kawai, ba awo ba ce, don haka lamba ta 1 a injinka tana iya zama daidai da ta 6 a wani injin irinsa sak, idan ba a zaunar da haƙoran daidai ba wajen haɗawa ko kuma jijjigar hanya ta gusar da su. Sai dai ka fara tabbatar da irin injin da ke hannunka. Idan a cikinsa wuƙa ce mai juyawa kamar ta injin markaɗen tumatir, babu gyaran da zai sa ya yi garin esfireso, domin sara yake yi ba niƙa ba. Akwai kuma masu haƙora da aka ƙera musamman don kafen da ake tacewa. Kamfanin Baratza, alal misali, yana da Encore mai matakai 40 wanda aka yi don wannan aikin, daga baya ya fito da Encore ESP wanda matakansa 20 na farko ƙanana ne ƙwarai saboda esfireso. Ka duba kwali da takarda ka ga ko an ambaci esfireso a fili.

Idan an ambata, sai ka zare wayar injin daga wuta, ka juye ƙwayar da ke cikin mazubi, ka cire mazubin, sannan ka ɗago haƙorin sama. A nan ne na fi samun matsalar a sababbin injuna. Haƙorin yana da ƴan kunnuwa ko wata alama da dole ta shiga gurbinta, kuma a wasu injuna sai an murza shi har ya yi ƙas kafin ya kulle. Ɓallin ƙwaya guda da ya maƙale ƙarƙashin bakinsa ya isa ya ɗaga shi, alhali ratar da esfireso yake so ba ta fi kaurin gashin kai biyu ko uku ba. Na taɓa buɗe wani wanda mai shi ya yi mako biyu yana fama da shi, sai ga ɗan zoben roba da ke zama a kan haƙorin an sa shi a kife. Da muka juya shi muka mayar, garin ya fito da laushi har ya toshe injin esfireson, sai da muka sassauta. Ka share wurin da busasshen buroshi, ruwa kada ya taɓa haƙoran domin suna tsatsa, ka mayar da komai a natse, ka danna haƙorin da yatsa ka ji ko yana rawa.

Daga nan sai neman inda haƙoran suke haɗuwa, wato ainihin sifilin injin. Ka kunna shi babu ƙwaya ko ɗaya a ciki, ka riƙa matsewa a hankali har ka ji wata siririyar ƙara ta ƙarfe yana shafar ƙarfe, kana jin ta kuwa ka sassauta nan take, domin barin su suna gogar juna yana cinye kaifinsu. Niƙan esfireso yana kusa da wannan wurin, ƴan matakai kaɗan a baya. Idan ka kai ƙarshen lambobi ba ka ji ƙarar ba, to injin yana cikin waɗanda aka sa wa birki don kada haƙoran su haɗu, kuma irin waɗannan sukan zo da hanyar gyara ta biyu a ɓoye. A injin Smart Grinder Pro na kamfanin Breville, wanda ake sayarwa da sunan Sage a Turai, haƙorin saman kansa yana da lambobi, ana zare ɗan ƙarfen riƙonsa a murza shi zuwa ƙaramar lamba. A wasu kuma ana sa siririn zoben ƙarfe, irin washa, a ƙarƙashin haƙorin ƙasa don ya ɗan taso, kuma sau da yawa zoben yana cikin kwalin a wata ƴar leda da mutane suke yarwa ba su duba ba. Mataki ɗaya ko zobe ɗaya za ka ƙara, ka gwada, sannan ka ƙara wani idan da buƙata.

Wajen gwajin akwai kuskuren da yake ruɗa mutane da yawa. Injin yakan riƙe ragowar gari a cikinsa, don haka bayan kowane canji ka niƙa giram 2 ko 3 ka zubar, in ba haka ba tsohon niƙa za ka auna kana zaton sabo ne. Kuma duk lokacin da za ka matse alhali akwai ƙwaya a ciki, injin ya kasance a kunne. Ka nemi ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya, ka riƙe agogon wayarka, kada ka canza abu biyu a lokaci guda.

Maganar mai sayarwa tana da ƙamshin gaskiya, domin sababbin haƙora sukan daidaita bayan sun niƙa ƴan kilo, garin ya ƙara zama bai ɗaya. Amma wannan ɗan bambanci ne, ba ya mai da tsaki gari.

Idan yatsanka ya shaida garin ya yi laushi amma ruwa bai daina gudu ba, ka sauke laifin daga kan injin ka duba ƙwayar. Gasasshiyar ƙwaya tana riƙe da iskar da take fita a hankali, kuma wannan iskar ce take taimakawa wajen tare ruwa, ita ce kuma take ba da kumfar da kake nema. Ƙasarmu ba ta noman kafe, abin da yake iso mana ya sha doguwar hanya, kuma yawancin ledojin kanti ranar lalacewa suke nunawa, ba ranar gashi ba. Ga zafin Afrilu da Mayu da yake wuce digiri 40 a Maradi, wanda yake tsofar da buɗaɗɗiyar leda cikin ƴan kwanaki. Ƙwayar da ba ta wuce wata ɗaya ko makamancin haka da gashi ba ita ce ta gwaji, kuma a mazubi ka zuba iya na yini, sauran ka rufe shi ruf a wuri mai inuwa. Da hunturu kuma za ka ga gari yana tashi yana manne wa jikin injin saboda bushewar iska, maganinsa ka jiƙa bakin cokali ka juya ƙwayar da shi kafin niƙa, ɗigo ɗaya ya wadatar. Ka kuma baje garin daidai a kwando kafin ka danne, domin ruwa yakan bi ta gefen da ya fi sako-sako ya tsere.

Game da wuta, idan ka ji injin yana nishi ko yana tsayawa da zarar ka matse, ka duba bayansa ka tabbatar na volt 220 ne, kuma ka gwada shi lokacin da wutar take da ƙarfi. Citta, kanumfari da masoro na shayi kuwa kada su shiga cikinsa.

Idan haƙorin ya zauna daram, ka yi gyaran ciki ko ka sa zoben, ƙwayar sabuwa ce, amma har yanzu garin yana fitowa gauraye da tsaki, ko kuma ƙarar haɗuwar haƙoran tana zuwa tana ɗaukewa alamar sandar da ke juya su ta karkace, to wannan lahani ne daga masana'anta. Ka ɗauki hoton garin a kan farar takarda kusa da gishiri, ka ɗauki bidiyon kofin yana cika da agogo a gefe, ka haɗa da rasit ka mayar tun garanti bai ƙare ba, kuma kada ka bari mai gyaran injin niƙan hatsi ya wasa maka haƙoran, domin da zarar dutsen wasa ya taɓa su babu mai karɓar injin daga hannunka.