Kayan gashi na gida bayan shanyewar ɓarin jiki: me za a saya, me za a bari?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne. Idan na fahimci tambayarki, sati uku ke nan da aka sallamo ta bayan shanyewar ɓarin dama, kuna zaune a Kumo, sau ɗaya a mako kuke iya kawo ta Gombe wajen gashi, wato fisiyo, motsa jikin da ake yi wa majinyaci a asibiti, kuma an ce ku sayi injin tausa mai lantarki da ƙwallon matsawa. Kina son sanin wane kaya ne ya cancanci kuɗinku.

Ki dakata da sayen injin tukuna. Mako awa 168 ne, likitan fisiyo yana ganin Mama awa ɗaya a ciki, sauran duk a hannunku take. Abin da ya lalace kuwa yana cikin ƙwaƙwalwa, ba a naman hannu ba, kuma ƙwaƙwalwa tana sake koyo ne da maimaita motsin da mutum ya yi da kansa. Inji zai karkaɗa tsoka, amma ba zai koya mata ɗaukar kofi ba. Sauƙin da ake samu ya fi sauri a wata uku zuwa shida na farko, don haka watannin nan ba na zaman jira ba ne.

Kayan aiki na farko yana cikin jakarki: wayarki. Ranar asibiti ki nemi izinin likitan ki ɗauki bidiyon kowane motsi yayin da yake yi wa Mama, sannan ki yi shi da hannunki a gabansa ya gyara miki riƙo. Ki sa ya rubuta sau nawa za a maimaita, sau nawa a rana, da alamar da za ta sa a tsaya. Motsi huɗu ko biyar sun isa a mako, in suka kai goma sha biyar ba wanda zai yi su. A sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a riƙa sa kwanan wata, awon jini da adadin abin da ta yi, ku tafi da shi kowane zuwa. Bidiyon YouTube suna da amfani, amma na wani majinyaci ne a wani mataki, kada a kwaikwaya sai an nuna wa likitanta. Idan akwai mai karanta Turanci a gidan, shafin Physiopedia kyauta ne kuma masu sana'ar ke rubuta shi. In kuma za ku ɗauko mai zuwa gida, ku tambaye shi lasisin hukumar MRTB, ita ke yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambayar.

Yanzu kafaɗa, don nan ake yin ɓarnar da ke daɗewa. Tsokar da ke riƙe kan ƙashin hannu a gurbinsa ta saki, hannun yana rataye ne kawai da nauyinsa. Duk wanda ya kama hannun dama ya ja don ya tayar da ita, ko ya zura hannuwansa ta hammatarta ya cicciɓa, yana ƙara buɗe gaɓar. Ki shafa saman kafaɗar tana zaune: idan yatsanki ya faɗa wani ɗan rami tsakanin ƙashin sama da kan hannun, ya fara zamewa, ki faɗa wa likita. Ba gocewa irin ta faɗuwa ba ce, kada a kai wa mai ɗori. Wajen tayarwa, ki tsaya a gabanta ta ɓangaren dama, gwiwarki ta tokare gwiwarta, hannunki a bayan allon kafaɗarta ko a kan zanin da aka ɗaura mata tamau a ƙugu. Tana zaune, hannun ya hau filo ko tebur, kada ya yi lilo. Majanyin rataye hannu na lokacin tsayuwa da tafiya ne kawai, in ya wuni a wuya gwiwar hannu za ta ƙage a lanƙwashe. Ita kuma igiyar nan mai kura da ake ratayawa a saman ƙofa a ja hannu sama, a bar ta, tana yawan jawo ciwon kafaɗa.

Ƙwallon matsawa ma haka. Bayan 'yan makonni hannun yakan fara ƙanƙamewa da kansa, yatsu su dunƙule. Matsalarta a lokacin buɗewa ce, ba damƙa ba, ƙwallo kuwa damƙar yake ƙarfafawa. Gara a shimfiɗa tafin a kan tebur, a miƙe yatsun a hankali a riƙe daƙiƙa 30, ba fizga, sau uku zuwa biyar. Idan motsi ya fara dawowa, ta tura ƙyalle gaba da baya a kan faranti, ta ɗauki kofin roba ta ajiye ta saki, daga baya ta tsinci wake, ta ja carbi. A wanke cikin tafin a busar kullum, a yanke farce, don dunƙulallen hannu yana yin gumi ya yi wari har ya tsage.

Filo huɗu sun fi injin amfani. A juya ta duk bayan awa 2 muddin ba ta iya juyawa da kanta, filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin hannun da aka miƙo gaba, ɗaya a bayanta, na huɗun kuma ya ɗaga dugadugai su zauna a iska. Safe da dare a duba ƙashin gindin baya, gefen ƙugu, idon sawu da diddige. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba, ki nemi wurin da ya fi duhu, ya yi zafi ko tauri. In bai koma daidai ba rabin awa bayan an juya ta, gyambon kwanciya ne ke sallama. Ledar da ake shimfiɗawa kan katifa dole a rufe ta da zanin auduga, musamman a zafin Maris da Afrilu. Gashi da ruwan zafi, garwashi ko man zafi a ɓangaren da ba ta ji sosai, a'a. Za ta ƙone ba ta sani ba.

Abinci a zaune cak, kai ɗan sunkuye, ƙaramin cokali, ta ci gaba da zama minti 30 bayan ta gama. Ruwa tsinkakke ya fi saurin bin hanyar iska fiye da kunu mai kauri. Idan tana tari wajen sha, ko muryarta ta koma kamar mai kurkure, ko zazzaɓi ya biyo baya, a koma asibiti, abinci na shiga huhu. Ta ci da hagu kafin dama ta dawo, lalura ce, kada a sa mata ido har ta rage ci.

Shanyewar dama takan zo da matsalar magana. Hankalinta bai tafi ba, kalmomi ne suka maƙale, don haka kada a yi mata tsawa ko magana irin ta yara. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, a kashe rediyo, tambaya gajera mai amsar i ko a'a, a jira. Za ki iya ganin ta kasa cewa "ruwa" amma ta karanta Fatiha tiryan-tiryan ko ta ƙirga ɗaya zuwa goma, don abin da baki ya haddace yakan tsira. A manna hoton buta, kofi, abinci, banɗaki da filo a kwali ta riƙa nunawa.

Abin da za ki kashe wa kuɗi: na'urar awon jini ta dantse, a ɗaura ta a hannun hagu. Idan ta nuna 180/110 ko sama, ba motsa jiki ranar, a kira likita. Sai kujera mai ƙarfi mai hannuwa wadda tafin ƙafarta ke taka ƙasa, ba kushin mai nutsewa ba. A kanta za ta yi motsin da ya fi kowanne riba, tashi da zama: ta matso bakin kujera, ƙafafu su ja baya ƙarƙashin gwiwa, ta sunkuyo gaba, ta miƙe da nauyi a ƙafa biyu. A fara da biyar sau uku a rana, a ƙara a hankali. Kafinta ya huda wata kujerar a sa bokiti a ƙasa, don tsugunno a masai yanzu hanyar faɗuwa ce. Mai walda zai iya kafa bututun ƙarfe mita 3 a tsakar gida, tsayinsa daidai wuyan hannunta tana tsaye hannu a sake. Awon sanda ma ke nan, kuma a hagu za ta riƙe ta, amma sai likita ya ce lokaci ya yi. A ɗauke tabarma da dardumar da ke kan hanyarta, a daina sa silifas, a samo takalmi mai maɗaurin diddige. Idan yatsun ƙafar na jan ƙasa, ku nemi a auna mata takalmin roba mai tallafe idon sawu a asibiti. Keken guragu na zuwa asibiti ne da unguwa, a gwada kafin a biya: yatsu biyu ko uku su shiga tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwarta, kuma a sa katifar zama.

Kwalbar ruwa ta rabin lita nauyinta rabin kilo ne, ta isa ƙarfafa hannun hagu da ke ɗauke da aikin biyu.

Idan sharaɓarta ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kada kowa ya yi mata tausa, yana iya zama gudan jini ne, tausa kuma za ta iya tura shi huhu. Wannan, da sabuwar karkacewar baki, sabon rauni, ko numfashi sama-sama, ba a jiran ranar gashi. A sa ta a mota zuwa sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko asibiti mafi kusa, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, don shi likita zai fara tambaya.