Amsar tambayarka kan zaman ƙofar gida

Wa alaikumus salam ɗana, ya aiki ya iyali. Kace likita ya auna ka yace jininka ya ɗan hau, wai ka rage sa abu a rai ka riƙa samun hutu, shine ka tuna yadda kake ganinmu da yamma a dakalin gidan Tudun Wada a nan Kaduna lokacin kana yaro, kake tambaya wai zaman nan al'ada ce mai tushe ko dai zaman kashe wando ne muka yi wa kwaskwarima, kuma ko barandar gidanka na sama a Barnawa zata iya yi maka wannan aikin.

Toh da farko dai maganin da aka rubuta maka ka sha shi yadda akace, kar naji kace kawu yace a zauna a dakali a ajiye ƙwaya. Wannan daban wancan daban.

Zaman yana da tushe, kuma tushen a ginin gidan yake. Gidan Bahaushe zaure ne a gaba, baƙo namiji iyakarsa nan, ciki na mata ne da yara, to maigida in yana son ganin mutane dole ya fito, shi yasa ake ɗora dakali a jikin bango ta waje yana kallon hanya. Baranda irin taka kuwa a gidajen Turawa muka santa, waɗanda aka gina a GRA bayan an dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, ita tana kallon lambu ne a bayan shinge, mutum ya zauna shi kaɗai da jaridarsa kuku ya kawo masa shayi. Iska duk ɗaya ce ake sha, amma na dakali duk wanda ya wuce ya ganshi, shi ma ya ga kowa.

Kuma zaman yana da lokaci, wannan ne kuke mantawa. Ba wanda yake shimfiɗa tabarma da hantsi sai tsoho ko mara lafiya. Bayan la'asar ake fitowa, ladan na kiran magariba an tashi, in an yi isha'i a dawo a ɗan taɓa, shikenan kowa ya shige. Yawancin mutanen layinmu ma'aikatan masaƙa ne a Kakuri, ka san masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles, tun 1957 ta fara aiki kafin sauran su biyo baya, mutum ya wuni a tsaye cikin ƙarar inji da ƙurar auduga har kunnensa na kuwwa, ya tako keke ya ƙetaro gada ya iso gida, ya watsa ruwa ya zura jallabiya ya fito ya jingina da bango. Da yawa ba ma magana suke ba a farkon zaman, a ɓare goro ɗaya a raba, mutum yana kallon yara na buga langa, mai ƙosai na hura wuta a kwanar layi, a hankali kaga kafaɗarsa ta sauka. In wannan ne kashe wando to wandon ya ci haƙƙinsa tun safe.

Rediyo ma akwai shi, Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 zamanin Sardauna, sai BBC da dare, akwatin ɗaya kunne goma. Amma labarin yana da farko yana da ƙarshe, a gama a yi gardama a kai wani yace ƙarya ne wani yace ai dama na faɗa, a murɗe akwatin saboda batir. Naka labarin na waya baya ƙarewa, kuma ogan ofis ɗinka yana ciki, mai bin ka bashi yana ciki, to in ka hau baranda da ita a hannu wallahi baka bar ofis ba, kujera kawai ka canza.

Babban amfanin zaman kuwa a wajena shine ana ganin fuskarka kullum, labarin zuciya ai a tambayi fuska. Lokacin da masaƙu suka fara rufewa a farkon shekarun 2000 akwai wani maƙwabcinmu, mutum mai barkwanci, sai aka ga ya fito ya zauna can ƙarshen tabarma, aka miƙa masa goro ya karɓa ya riƙe bai kai baki ba, yana ta juya shi a hannu har aka kira salla. Ba wanda ya tambaye shi a gaban jama'a, ba a haka. Bayan isha'i wani dattijo a cikinmu ya ja shi zaure suka yi ƙus-ƙus, kafin a kwanta an aika yaro da kwanon masara gidansa aka ce saƙon mata ne, daga baya wani mai shago a Kasuwar Barci ya bashi gefe yana tsare masa kaya. Da a sama yake zaune shi kaɗai bayan labule waye zai ga goron nan a hannunsa.

Ban ce duk zaman ƙofar gida alheri bane fa. Akwai majalisar da ba a komai sai cin naman mutane, mace ta wuce a bita da ido har ta sha kwana, a ƙirga wa maƙwabci buhun da ya shiga gidansa, irin wannan ka tashi da nauyin da ya fi wanda ka zo da shi. Addini ma bai bar abin sakaka ba, akwai hadisin Abu Sa'id al-Khudri a Bukhari da Muslim, Manzon Allah SAW ya gargaɗi sahabbai kan zama a bakin hanya, suka ce ba makawa nan muke hira, yace to ku ba hanya haƙƙinta, runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa in hira ta karkata kan wanda baya nan sai kawai ya jawo buta ya fara alwala ko lokaci bai yi ba, kowa ya gane.

Abin da ya rage zaman nan ka sani ai, tun rikicin Kaduna na 2000 mutane suka rarrabu katanga ta ƙara tsawo, ga get ga waya mai ƙaya, zaurukan ma an fasa an mayar shaguna ana karɓar haya, ga ƙarar janareta ga masu ƙwacen waya.

To kai yanzu, barandar ka yi amfani da ita, musamman in bazara ta shigo a Maris da Afrilu ɗaki ya zama ba ya zaunuwa, ka dawo aiki ka yi wanka ka bar wayar a caji a ɗaki, ka shimfiɗa tabarma a ƙasa tafi kujerar roba, yaran su hau ka su sauka, da damina ka kunna maganin sauro kar a je neman hutu a dawo da zazzaɓi. Ka kira maiɗakinka ita ma ta zauna, mu a da matan suna da tsakar gida da kishiyoyi da maƙwabta masu shigowa kitso, ita taka tana sama ita kaɗai da yara tun safe, gajiyarta bata gaza taka ba. Amma kar ka tsaya nan, ka riƙa sauka magariba a masallacin layinku, in an sallame kar ka zura takalmi da gudu, ka tsaya a gaisa, zaka ga akwai benci a wani wuri da dattawa ke zama, ka fara da gefe kana saurare, in kaga hirar ta mutunci ce ka koma gobe in ba haka ba ka nemi wani.

Ranar Asabar in ba abin da ya tsare ka ka shigo bayan la'asar da yaran, ka biyo da goro fari in ka samu, ka taho min da takardar likitan ma in gani. Ka gaida mutanen gidan.