Daga Ina Sunan Ferrari Ya Samo Asali?

Tambaya: Malam, wai gaskiya ne Ferrari na nufin doki a harshen Italiyanci, tunda doki ne tambarin motar?

Amsa: A'a, babu ruwan sunan da doki. Tambarin ya fito ne daga jikin jirgin Francesco Baracca, matuƙin jirgin yaƙin Italiya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi kuwa sunan ya girmi motar da ɗaruruwan shekaru, kuma maƙeri yake nufi.

Saiwarsa tana cikin Latin, harshen Rumawan da. Ƙarfe a wurinsu shi ne ferrum. Idan aka liƙa ɗafa-ƙeyar -arius, wadda ke nuna mai sana'a, sai a sami ferrarius. Cikakken sunan maƙeri shi ne faber ferrarius, wato gwanin aikin ƙarfe. Da tafiya ta yi nisa sai mutane suka raba kalmomin biyu, kowacce ta haifi nata zuri'a. Faber ta zama fabbro, wadda Italiyawa ke kiran maƙeri da ita har yau, daga nan aka sami iyalan Fabbri. Ferrarius kuma ta zama ferraro.

Wasalin ƙarshe na Ferrari, wato -i a maimakon -o na ferraro, shi ne wurin da ya fi daɗin bincike. Masana na da bayani biyu a kan wannan -i. Na farko jam'i ne, kamar yadda Bahaushe ke cewa gidan maƙera, ba gidan maƙeri ba. Na biyu, mallaka ce ta Latin da marubutan takardun shari'a ke amfani da ita: wane ɗan Ferrarii, wato ɗan maƙeri. Ni dai ina ganin ba dole sai ɗaya ya kayar da ɗaya ba, domin su biyun sun yi aiki a wurare daban-daban. Bayan taron shugabannin cocin Katolika a garin Trento ya wajabta wa coci-coci, a 1563, rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, rubutun kowane gida ya ƙara tsayawa yadda aka same shi.

Shi ya sa ƙarshen sunan ke nuna yankin mutum. Ferrari ya fi yawa a arewacin Italiya, musamman yankunan Lombardiya da Emiliya. Ferraro ya fi yawa a kudu. Ferrero na Piyemonte ne, irin na kamfanin da ke yin Nutella a garin Alba. A Sifaniya harafin f na farko ya koma h, aka sami Herrero.

A kula, kada a haɗa shi da Ferrara. Wannan sunan birni ne, kuma masu ɗauke da shi galibi garinsu ake dangantawa, ba sana'arsu ba.

Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin motar, wanda kuma aka haifa a garin Modena a 1898, sunan ya dace da gidansu, domin mahaifinsa Alfredo yana da wurin sarrafa ƙarfe.