Hoton bizar Amurka da hijabi

Hajiya, kin tambaya ko za a karɓi hotonki na bizar yawon buɗe ido ta Amurka kina sanye da hijabi, da kuma ko wanda kika ɗauka bara don fasfo zai yi.

Hijabi ba ya hana komai, tunda don addini kike sa shi. Sharaɗin dai fuskarki ta fito sarai, daga haɓa har goshi, kuma kada mayafin ya yi miki inuwa a kumatu. Ni a ganina ki sa mai duhu, domin bango fari ake so, farin hijabi kuwa sajewa yake yi da shi.

Na bara kam ki ajiye shi, sai wanda bai wuce wata 6 da ɗauka ba. Girmansa inci 2 a tsaye, inci 2 a kwance, ba irin na bizar ƙasashen Turai na yankin Schengen mai milimita 35 da 45 ba. Saboda haka ki faɗa wa mai hotonki a Wuse ƙasar da za ki tun kafin ya ɗauka. Tabarau kuma a cire, tun Nuwamba 2016 aka hana.

Don Allah kada ki yarda ya ƙara miki haske ko ya goge tabon fuska a kwamfuta. Masu hoto suna yi ne don kyautatawa, amma hoton da aka taɓa ana iya ƙin karɓarsa. Ki sa ya turo miki shi a waya, JPEG da bai wuce 240 KB ba, don ɗorawa a fom ɗin neman biza da ake cikewa ta intanet, wato DS-160, sannan ki tafi da bugagge ranar ganawa a ofishin jakadanci.