Tambayoyinku: Shakka, Kokwanto, da "Ban" ɗin da ke Cikin Bangaskiya

Tambayoyin wannan karo kusan duk hanya ɗaya suka biyo, wato kalmomin da muke zancen bangaskiya da su, da kuma sunayen abin da ke girgiza ta. Shi ya sa na haɗa su wuri guda. Wanda bai ga tasa ba ya yi mini haƙuri.

Wani matashi ya ce: "Malam, 'ban' ɗin da ke farkon bangaskiya, shi ne na 'ban zo ba' da 'ban sani ba'? Abokina ya ce in haka ne, kalmar tana nufin babu gaskiya."

Ɗana, ka ce wa abokinka ya daina yin fassara da ka. "Ban" iri biyu ne, kama kawai suka yi, kuma kama da wane ba wane ba ce. Na "ban zo ba" na korewa ne, ba ya tafiya sai da wata "ba" a ƙarshe tana rufe masa baya. Na bangaskiya kuwa daga aikatau "ba" ya fito, wato bayarwa. Shi ne a cikin ban ruwa, ban kwana, ban hannu, ban girma, ban haƙuri, ban tsoro da ban dariya. Wanda ya yi wa shuka ban ruwa ai ba hana ta ruwa ya yi ba. Saboda haka bangaskiya ba da gaskiya ce.

Amma tunda ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, bari in ɗan zauna a nan. A ina Bahaushe yake cewa "an ba wane gaskiya"? A wurin shari'a ko sulhu. Mutum biyu sun kawo ƙara, an saurari wannan, an saurari wancan, sai mai hukunci ya ce maganar wane ce ta tsaya. Ka lura da kyau: ba a ba da gaskiya sai inda aka yi jayayya. In babu ɓangare biyu, wa za a ba, wa za a hana? Ke nan kalmar da kanta ta san cewa a zuciyar mai bi akwai masu ƙara biyu. Ido yana kawo shaidarsa, alkawarin Allah yana kawo tasa, kai kuma kana zaune a tsakiya sai ka yanke.

Dubi Ibrahim. A Farawa sura 15, bayan an yi masa alkawarin ƙasa, ya tambayi Ubangiji ta yaya zai san zai gāje ta. A sura 17 aya 17, da aka ce Saratu za ta haifa masa ɗa, ya faɗi rubda ciki ya yi dariya, yana lissafin cewa shi mai shekara 100 ne, ita kuma 90. Duk da haka Bulus ya ce a Romawa 4:20 bai yi tangaɗi da rashin bangaskiya ba. Mutane kan rikice a nan, su ce to dariyar fa? Ni ban ga rikici ba. An yi zaman shari'ar, lissafin shekaru ya kawo hujjarsa har ya ba shi dariya, amma da aka zo yanke hukunci, Allah ya ba gaskiya.

Wannan ne ya sa nake jin wani iri in na ji 'yan'uwa suna cewa "yau ba na jin bangaskiya", sai ka ce zazzaɓi ce mai zuwa da yamma ta tafi da safe. Ba jin ta ake yi ba, ba da ita ake yi. Mai ba da haƙuri ba ya jira sai ya ji daɗin bayarwa. Kuma don Allah a riƙa rubuta ta a haɗe. Tun cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 kalmar ta zauna daram a bakin masu bi, ta isa a san rubutunta.

Wata 'yar'uwa ta ce: "Baba, mene ne bambancin shakka, kokwanto, tantama da waswasi? An ce mana a wa'azi duk ɗaya ne, kuma duk zunubi ne. Ni kuwa ina da tambayoyi da yawa, har ina tsoron yin addu'a."

'Yata, harshe ba ya ajiye kalmomi huɗu a kan abu ɗaya don ado. Mai wa'azin nan gajeriyar hanya ya bi.

Shakka daga Larabci muka aro ta, amma da ta shigo Hausa ta ɗauko wani kaya. In mutum ya ce "ba na shakkar kowa", tsoro yake nufi. In aka ce yaro yana shakkar ubansa, ba cewa aka yi yana tababa ko ubansa ne ba, kwarjini ubansa yake yi masa. Saboda haka sau da yawa wanda ya ce yana shakka a kan Allah, in ka tona za ka tarar tsoro ne a ƙasa, tsoron kada ya dogara a bar shi a tsakiyar ruwa. Tantama kusan kullum a bakin korewa take zama, "babu tantama", kuma ta fi shafar ko labari gaskiya ne. Tababa tana son mutum biyu, don akwai gardama a cikinta. Waswasi shi ma aro ne daga Larabci, kuma sautinsa ma raɗa yake yi. Shi ne tunanin da ke dawowa bayan ka amsa shi sau goma. Irin wannan ba a kashe shi da hujja, domin ba amsa yake nema ba. In ya kai ga hana barci da cin abinci, a haɗa addu'a da ganin likita, babu abin kunya a ciki.

Kokwanto shi ne na tsaye a mararraba, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. A ganina shi ya fi dacewa da kalmar Helenanci "distazo", wadda tushenta "biyu" ne. Sau biyu kacal ta fito a Sabon Alkawari, duka a Matiyu. Na farko a 14:31, inda Bitrus, yana tafiya a kan ruwa zuwa wurin Yesu, ya fara nutsewa, Yesu ya miƙa hannu ya kama shi, sa'an nan ya tambaye shi dalilin kokwantonsa. A lura da jerin: kamawa ta riga tambaya. Na biyu a 28:17, almajirai goma sha ɗaya a kan dutse a Galili, sun ga wanda ya tashi daga matattu, sun yi masa sujada, amma waɗansu suka yi kokwanto. Yesu bai ware masu kokwanton gefe ba. A ayoyin da ke biye, dukansu ya aika cikin duniya.

To ina wanda ake yi wa faɗa? Yana cikin Yakubu 1:6-8, mutum mai zuciya biyu, wanda aka kamanta da raƙuman teku da iska ke kaɗawa. Shi wannan ba tambaya ce ta dame shi ba. So yake ya riƙe Allah da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana riƙe da wani abin dogara ko da za a yi ba daidai ba. Hausawa sun riga sun gama da shi: taura biyu ba ta taunuwa.

Ke kuwa, 'yata, matambayiya ce, kuma matambayi ba ya ɓata. Yohanna Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu da yatsa a bakin Urdun, daga kurkuku ya aika a tambayi Yesu ko shi ne Almasihu mai zuwan, ko a sa ido ga wani. Yesu ya amsa masa da ayyukan da ake gani, makafi suna gani, guragu suna tafiya, sa'an nan ya juya ga taro ya ce cikin waɗanda mata suka haifa ba a yi wanda ya fi Yohanna ba. Matiyu 11 ke nan. Ki kai tambayoyinki cikin addu'ar, can ne wurinsu. Mai wa'azin kuma, da girmamawa, ya sake duba Yahuza aya 22, inda aka ce a ji tausayin masu shakka.

"Imani da bangaskiya ɗaya ne?"

Sun haɗu a tsakiya, sun rabu a gefe. Imani daga Larabci yake, danginsa su ne amana, aminci da mumini. Sai dai a Hausa ya ƙara ma'anar tausayi: in aka ce "wane ba shi da imani", mugunta ake nufi, ba a duba ko yana ibada ba. Ba za ka ce wa azzalumi "marar bangaskiya" a fahimce ka haka ba. Ni dai wannan ƙarin ma'anar yana burge ni, kuma Yakubu da ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce ba zai yi musu da ita ba.

Wani dattijo ya ce: "Malam, muna cewa gani ya kori ji. Ashe Toma bai yi laifi ba da ya ce sai ya gani?"

Ranka ya daɗe, karin maganar gaskiya ce a inda aka yi ta. An yi ta ne don jita-jita, don "an ce, an ce". In aka gaya maka gini ya tsage, ka je ka duba da idonka, magana ta ƙare. Amma karin magana kamar takalmi ce, kowace da ƙafarta. Wa ya taɓa ganin ranar haihuwarsa? Ji ya yi, kuma ya yarda, don ya san wanda ya gaya masa. Abin dubawa a ji shi ne bakin da maganar ta fito.

Toma kuwa, almajirin nan da ya ce ba zai yarda Yesu ya tashi daga matattu ba sai ya gani da idonsa, ina ganin mun cika yi masa rashin adalci. Laƙabin nan "mai shakka" mu muka manna masa, ba ya cikin nassi. Shi ne a Yohanna 11:16 ya ce wa sauran almajirai su tashi su tafi su mutu tare da Yesu, a lokacin da komawa Yahudiya ke nufin jifa da duwatsu. Shi ne a 14:5 ya fito fili ya ce ba su san inda Ubangiji za shi ba, to ta yaya za su san hanya, kuma tambayar tasa ce ta jawo amsar da kowane yaro ya haddace, wato hanya, gaskiya da rai. Mutum ne da ba ya gyaɗa kai a kan abin da bai gane ba. Da muna da irinsa da yawa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, da malamai sun fi yin shiri.

Abin da ya nema a Yohanna sura 20 kuma, wato ganin raunukan Yesu, bai wuce abin da sauran suka riga suka samu ba, domin su ma an nuna musu hannuwa da kuiɓi kafin su yi murna. Inda ya yi tuntuɓe shi ne ya ƙi shaidar mutum goma da ya sani, ya ci ya sha tare da su. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: bai bar taron ba. Bayan kwana takwas yana nan zaune a cikinsu da kokwantonsa, kuma a nan Yesu ya same shi. Daga bakinsa aka ji "Ubangijina da Allahna". Sai Yesu ya sa albarka ga waɗanda ba su gani ba amma suka ba da gaskiya, wato mu ke nan. Bulus ya ƙara da cewa bangaskiya daga ji take zuwa, Romawa 10:17. A wannan fage dai ji bai koru ba.

"A wane littafi aka rubuta 'Allah ya ce tashi in taimake ka'?"

Ba a kowane ba. Zancen Hausawa ne, mai kyau don korar lalaci, amma a daina ɗora masa sura da aya. Mutumin da aka ce wa "tashi" a Yohanna 5 ya shekara 38 a kwance, kuma ikon tashin tare da umarnin ya zo.

"Mece ce ƙwayar mastad?"

Irin wani tsiro ne, ƙanƙane ƙwarai, sunan kuma aro ne. Da Bahaushe ne ke maganar da kansa, da "ƙwayar zarra" zai ce. A Luka 17 manzanni sun roƙa a ƙara musu bangaskiya, aka amsa musu da wannan ƙwaya.

Wata uwa ta ce: "Malam, muna cewa girma cikin bangaskiya. Na shekara 30 da baftisma, amma har yanzu wani lokaci zuciyata na rawa. Ke nan ban girma ba?"

Mama, kalmar girma ita ke rikita mu, don kaya uku take ɗauke da su: ƙaruwar jiki, yawan shekaru, da daraja. Sai mu ɗauka wanda ya daɗe a ikkilisiya, ko aka ba shi kujerar gaba, shi ne ya girma, shi kuma sai ya ji kunyar cewa yana da tambaya, don kada girmansa ya zube. Girman da Bitrus yake nufi a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu na ƙaruwa ne, irin na itace, cikin alheri da sanin Ubangiji. Itace babba ma iska tana kaɗa rassansa. Abin tambaya shi ne, in zuciyar ta yi rawa yanzu, ina kike nufa? In a da sai ki yi wata ba ki buɗe baki kin yi addu'a ba, yanzu kuwa da rawar kike durƙusawa, to saiwa ta yi nisa a ƙasa ko da ba ki gan ta ba. Uban yaron nan na Markus 9:24, wanda ya kawo wa Yesu ɗansa marar lafiya, a numfashi ɗaya ya ce ya ba da gaskiya, ya kuma roƙa a taimaki rashin bangaskiyarsa, aka warkar masa da ɗa. Sannu ba ta hana zuwa.

"Me 'amin' take nufi? Wani ya ce 'an gama' ne."

A'a. Asalinta Ibrananci ne, tushenta ɗaya da amana da imani, ma'anarta "haka yake, ya tabbata". Masu faɗinta da ƙarfi don mai addu'a ya gane ya yi tsawo, su ne suka sa ake zaton "an gama" ce.