Kamfani ya yi watsi da na'urorin da na saya: ina da haƙƙin kai ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina da shagon kwamfuta a Kano, muna yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa da buga takardu. Wata goma sha ɗaya da suka wuce na sayi rauta (na'urar rarraba intanet) guda uku da kwamfutoci shida, duk sababbi, na wani babban kamfanin ƙasar waje, a wajen wani dila da ya ce shi wakilinsu ne. Rasit ɗina yana nan, an rubuta garantin shekara ɗaya. Tun wata na biyu rauta biyu suke yankewa. Na kai wa dilan, ya ce in tuntuɓi kamfani. Kamfani kuma saƙo ɗaya suke ta maimaita min. Yanzu sun sanar sun daina sabunta manhajar wannan samfurin, kayan gyaransa ma babu. Na yi asarar kwastomomi sosai. Me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar da alheri. Na ga duk fushinka a kan kamfanin yake, amma idan kuɗinka kake so, dilan nan za ka riƙe. Shi ya karɓi kuɗinka, shi ya ba ka rasit, kuma shi ne sammaci zai iske a shagonsa gobe da safe. Kai ƙarar kamfanin da hedikwatarsa take wata nahiya abu ne mai yiwuwa a takarda, sai dai neman izinin kotu a aika sammaci waje kaɗai zai iya cin kuɗin rauta goma.

Koke biyu ka haɗa wuri guda, kuma ƙarfinsu a gaban doka ba ɗaya ba ne.

Na farko, kaya sun lalace. A nan kana da ƙafar tsayawa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar da ke kula da waɗannan haƙƙoƙi, ta ce a sashe na 131 mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya masu inganci, marasa aibi, waɗanda za su yi aikin da aka saba saye dominsa, su kuma jure na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ƙara da cewa cikin wata uku da karɓar kaya kana iya mayar wa wanda ya sayar maka, ba tare da ka biya ko sisi ba, shi kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya dawo da kuɗi. Ka ce tun wata na biyu ka kai masa. To wannan ranar ita ce jarinka. Idan akwai saƙon WhatsApp na lokacin, ko yaron shagon da ya raka ka, dilan ba zai ce ka makara ba, tunda shi ya ƙi karɓa. Maganar "je ka tuntuɓi kamfani" ba ta sauke masa nauyi. Haka rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, wai kaya in sun fita ba a dawowa da su, ba ya goge haƙƙin da doka ta ba ka.

Na san abin da zai ce, don kusan kowane dila shi yake faɗa: wutar NEPA ce ta ƙona. Sashe na 145 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya sayar idan aka yi zargin kaya suna da aibi. Duk da haka kada ka kwanta a kan wannan. Alƙali mutum ne, ya san halin wutarmu. Idan kana da na'urar daidaita wuta ko inbata a shagon, ka ɗauki hoto, ka nemo rasit ɗinsu. Kuma don Allah kada ka bari wani mai gyara a Farm Centre ko titin Beirut ya kwance rautocin kafin a gama magana. Da zarar an ɓalle hatimin jiki, garanti ya tafi, an kuma ba dilan abin fakewa.

Garantinka saura wata ɗaya, shi ya sa nake so ka motsa a makon nan.

Koke na biyu, wato daina sabunta manhaja da rashin kayan gyara, shi ne ya fi ƙona maka rai, amma shi ne mai rauni. Dokar 2018 ba ta yanke wa kamfani adadin shekarun da dole ya ci gaba da kula da na'urar da ya ƙera ba. Ko a Ingila, dokar da ta fara aiki a Afrilun 2024 abin da ta wajabta wa masu ƙera irin waɗannan na'urori shi ne su faɗa wa mai saye tsawon lokacin da za su riƙa aiko da gyaran tsaro, ba ta ƙayyade musu shekarun ba. Kamfanoni suna rufe babin kayansu a kai a kai. Microsoft ma ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma ya sanar tun da wuri. Inda za ka samu ƙofa shi ne alkawari. Duba kwali, da ɗan littafin da ya zo ciki, da tallan da ka gani kafin ka saya. Idan an rubuta za a riƙa sabuntawa har shekara kaza sannan aka fasa, wannan saɓa alkawari ne. Idan kuma dilan ya san an kusa daina kula da samfurin ya ɓoye maka, ya sayar a matsayin sabon yayi, za mu iya cewa ya yaudare ka. Rauta da aka daina toshe mata kafofin da masu kutse ke bi, tana ɗan wata goma sha ɗaya a hannu, ni a ganina da wuya a ce ta jure na lokacin da ya dace, kuma zan faɗa wa alƙali haka. Amma hujja ce ta tallafi, kada ka gina ƙararka a kanta ita kaɗai.

Fara da wasiƙa. Ka rubuta wa dilan, ka sa ranar saye, lambar jikin kowace na'ura, ranar da ka fara kai kuka, da abin da kake nema: canji ko kuɗi, cikin kwana 14. Ya sa hannu a kwafinka. Idan kamfanin yana da ofishi mai rajista a Najeriya, aika musu kwafi. Sau da yawa magana a nan take mutuwa, musamman idan ka bi ta shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar, don dila ya fi tsoron zubewar mutunci a layinsu fiye da takardar lauya.

In ya yi kunnen uwar shegu, kana iya shigar da koke a FCCPC ta intanet, kyauta ne, ko a hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano. Rauta kayan sadarwa ce, doka ta ce sai hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da samfuri kafin a sayar da shi a ƙasar nan. Duba jerin da ke shafinsu, in babu naka a ciki, dilan ya shiga wata matsalar daban, kuma zai fi saurin neman sulhu. Sashe na 146 ya ba ka damar zuwa kotu kai tsaye. Kano tana da kotun ƙananan da'awa tun 2019, wadda aka tsara ta gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum yana iya tsaya wa kansa. In ku biyun Musulmi ne kuna so, kotun shari'ar Musulunci ma ta san mayar da kaya saboda aibin da mai saye bai gani ba lokacin ciniki.

Batun asarar kwastomomi, kada ka sa rai da yawa. Kotu ba ta ba da irin wannan diyyar da baki, sai an lissafa an tabbatar. Littafin cinikin shago ko bayanan POS da ke nuna abin da kake samu kafin matsalar da bayanta su ne za su yi maka magana. Saƙonnin waya kuma sai an haɗa su da takardar shaida kamar yadda sashe na 84 na dokar shaida ya tanada, saboda haka kada ka sayar da wayar ko ka goge hirar.

Idan za ka yi rubutu a Facebook, tsaya a kan abin da ya faru da ranakunsa. Kalmar "ɓarawo" ko "ɗan damfara" tana iya mayar da kai wanda ake ƙara. Turo min hoton rasit, gaba da baya, da takardar garantin, in duba ko sunan dilan ne a kai ko na kamfanin, don shi zai nuna wanda za mu sa a saman wasiƙar.