Kun Tambaya, Mun Amsa: Linzami ɗaya, kwamfuta biyu, kibiya na ta cijewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Agege. Kwamfutar tebur da laftof nake aiki da su, duka biyun Windows, kuma na saka musu manhajar Barrier don linzami ɗaya da kibod ɗaya su yi mini aiki a kansu. A kan ta tebur, inda linzamin ke jone, lafiya lau. Amma da na tsallaka laftof sai kibiyar ta riƙa cijewa, ta tsaya sannan ta yi tsalle. Dukansu a kan MiFi ɗaya suke. Na sayi data mai yawa, na ma canja layi, ba ta sake zani ba. Ina mafita? Daga mai shago, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Daina kashe kuɗi a kan data, domin motsin linzaminka ba ya fita intanet ko kaɗan. Yana tashi daga ta tebur, ya shiga MiFi, ya sauka a laftof, shi ke nan. Ko katin layinka babu ko sisi, Barrier za ta yi aiki. Saƙonnin ma ƙanana ne ƙwarai. Linzami dai na bukatar kowane saƙo ya iso a kan lokacinsa, faɗin hanya bai dame shi ba.

Linzamin ofis na yau da kullum yana aika bayanin motsinsa sau 125 a daƙiƙa, wato kowane milisakan 8 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Barrier na tura waɗannan saƙonni ta TCP, wata ƙa'idar aika saƙo tsakanin kwamfutoci, a ƙofa mai lamba 24800, shi kuwa TCP layi yake bi: in saƙo ɗaya ya ɓace a iska, na bayansa duk sai su jira a sake aiko shi, sannan su shigo a tare. Wannan jiran shi ne cijewar da kake gani, shigowarsu a tare kuma shi ne tsallen.

Kafin ka taɓa komai, auna hanyar. A laftof buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, ka kwafi lambar IPv4, wato adireshin laftof ɗin a kan MiFi, misali 192.168.0.101. Koma ta tebur ka rubuta ping -t sai wannan lambar (ping na auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo), ka bar shi yana gudu kamar minti biyu kana motsa linzamin a kan laftof. Kar ka kula da matsakaicin lokaci, dubi layukan ɗaya bayan ɗaya. A kan kebul ya kamata ka ga ƙasa da milisakan 1 a kowane layi. A kan Wi-Fi mai lafiya za ka ga tsakanin 2 da 10. Idan kana ganin 3, 4, 3, sai kwatsam 180 ko 300, ko layin da ya ce lokaci ya ƙure, to ka kama ɓarawonka. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana yin haka ne kowane milisakan 17 ko kusa, saboda haka duk jinkirin da ya ninka wannan sau biyu ko uku ido zai gan shi, hannu ma zai ji.

Wi-Fi na wahalar da irin wannan aiki ne saboda in kwamfutocin biyu duk ta iska suke, kowane saƙo sau biyu yake hawa iska, zuwa MiFi da kuma fitowa daga gare ta. Ƙananan MiFi da yawa kuma a zangon 2.4GHz kaɗai suke aiki, inda tashoshi uku ne kacal ba sa shiga juna: 1, 6 da 11. A layin shaguna irin na Agege, inda kowane maƙwabci ke da tasa MiFi ko ya kunna hotspot a waya, waɗannan tashoshi uku sun fi gadar Third Mainland cunkoso da safiyar Litinin. Ga kuma wayoyin yaran shago da ke kan MiFi ɗin suna kallon bidiyo.

Maganin da muka fi amincewa da shi shi ne kebul ɗin Ethernet guda, Cat5e ko Cat6, mita biyu ko uku, wanda za ka samu a Computer Village da ke Ikeja ko a wajen masu kayan kwamfuta na unguwa. Jona shi kai tsaye daga ta tebur zuwa laftof, ba sai da rauta ba, wato na'urar raba intanet irin MiFi. Katunan zamani suna gane juna da kansu, ba a bukatar kebul mai juyayyen kai kamar da. Idan laftof ɗin ba ta da ramin Ethernet, sayi adafta ta USB. Sai ka ba kowace lamba da hannu a saitin IPv4 na katin Ethernet: ta tebur 192.168.50.1, laftof 192.168.50.2, subnet mask 255.255.255.0, gurbin gateway kuma ka bar shi fayau. Barinsa fayau shi ke sa intanet ta ci gaba da bin MiFi, linzami kuma ya bi kebul. A Barrier ta laftof cire alamar Auto config, ka rubuta 192.168.50.1 a matsayin adireshin uwar, wato kwamfutar da linzamin ke jone da ita. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe: su jona kebul amma su bar tsohon adireshi, manhajar ta ci gaba da bin iska, su ce kebul bai yi amfani ba. In haɗin ya ƙi, duba katangar tsaro ta Windows, domin takan ɗauki irin wannan haɗi a matsayin na bainar jama'a ta toshe ƙofa 24800. Ba wa Barrier izini a can.

Idan kebul ba zai yiwu ba, to rage ɓarna. Nemi rauta mai 5GHz ka ɗora su biyun a kai, ko aƙalla ka jona ta tebur da rautar ta kebul don saƙo ya hau iska sau ɗaya. Sannan ka hana katin Wi-Fi na laftof gyangyaɗi: a Power Options, cikin saitin ci-gaba, mai da Wireless Adapter Settings zuwa Maximum Performance, a kan batir da kan wuta duka. A katunan Intel, shiga Device Manager ka rage Roaming Aggressiveness zuwa mafi ƙanƙanta, don katin ya rage leƙen wasu tashoshi yana barin naka.

Wani abu a gefe: Barrier ta daɗe ba a sabunta ta ba, sigarta ta ƙarshe, 2.4.0, tun 2021 take. Input Leap da Deskflow daga tsatso ɗaya suke da ita, wato Synergy. Tunda kwamfutocinka duka Windows ne, akwai kuma Mouse Without Borders a cikin PowerToys na Microsoft, kyauta, tana haɗa har guda huɗu. Amma canja manhaja ba ya gyara hanya mara kyau. Gyara hanyar tukuna.

TAMBAYA: Nawa linzamin lafiya yake aiki a kan kwamfutoci biyun, sai dai in an ɗauke wuta aka tada janareta, nan take ya fara sarƙewa, wani lokaci ma ya yanke gaba ɗaya. Daga wata tela mai zanen sutura a kwamfuta, Idi-Araba.

AMSA: Hajiya, abu biyu ne suka haɗu miki. Na farko, da wuta ta ɗauke laftof ta koma kan batir, Windows kuma ta sa katin Wi-Fi tattalin caji, yana barci yana farkawa tsakanin saƙo da saƙo. Saitin Maximum Performance da muka ambata a sama shi ne maganinsa. Na biyu, rautar takan mutu ta sake tashi a lokacin sauyin wuta, kuma tana iya raba wa kwamfutocin sabbin lambobi, sai manhajar ta yi ta neman uwar a tsohon adireshi. Shiga saitin rautar ki ɗaure kowace kwamfuta da lamba ɗaya ta dindindin, abin da ake kira DHCP reservation. Ki kuma sa wa rautar ƙaramin UPS irin na 12V, bayan kin duba ƙarfin da aka rubuta a jikin cajarta don su dace.

TAMBAYA: MacBook ce ta biyun tawa. Ping yana nuna tsalle a kai a kai kamar an saita agogo, ko da rautar tana gabana. Daga ɗalibi, Yaba.

AMSA: Wannan tsallen mai tsari sananne ne a Mac. Akwai wata hanyar sadarwa ta Apple mai suna AWDL, wadda AirDrop da AirPlay da Universal Control ke amfani da ita. Katin Wi-Fi ɗaya ne, sai ya riƙa barin tashar rautarka na ɗan lokaci yana sauraron na'urorin Apple na kusa, sannan ya dawo. Don tabbatarwa, buɗe Terminal ka gudanar da ping -i 0.2 zuwa ɗaya kwamfutar, wato sau biyar a daƙiƙa, sai a wata taga ka rubuta sudo ifconfig awdl0 down. Idan lambobin suka kwanta, shi ne. Ka sani AirDrop zai daina aiki, kuma macOS takan sake kunna shi da kanta, don haka wannan gwaji ne, ba gyara ba. Gyaran shi ne adaftar USB-C zuwa Ethernet.

TAMBAYA: Duka kwamfutocina a kan kebul suke, ping ƙasa da milisakan 1, amma har yanzu akwai cijewa, musamman a bakin allo lokacin tsallakawa. Daga ma'aikacin ofis, Obalende.

AMSA: Ɗan'uwa, tunda hanya ta wanke kanta, saura wurare uku. Cijewa a daidai bakin allo yawanci aikin raba abin da aka kwafa ne: in ka kwafi babban hoto ko dogon jadawalin Excel, manhajar na tura shi a lokacin da kake tsallakawa, ta hanyar da linzamin ke bi, sai motsi ya jira. Kashe clipboard sharing a saitin uwar ka gwada. In ya warke, ka san dalili.

Na biyu, linzamin kansa. Na masu wasan gem yana aika saƙo sau 1000 a daƙiƙa, wasu ma fiye, kuma tsohuwar kwamfuta a ɓangaren karɓa ba lallai ta iya haɗiye su a kan kari ba. Rage shi zuwa 250 ko 125 a manhajar kamfaninsa, aikin ofis ba zai ji bambanci ba. Idan mara waya ne, duba inda ka soka ɗan abin nan nasa na USB da ke karɓar saƙonsa. Ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, da na'urorin ajiya da ke jone da shi suna fitar da hayaniya a zangon 2.4GHz, Intel ma ta fitar da takarda a kan haka a 2012. Mai da ɗan abin zuwa ramin USB 2.0, ko ka jawo shi kusa da hannunka da gajeren kebul na ƙari. Alamar wannan matsala ita ce cijewar kan bayyana har a kan uwar, in ka lura da kyau.

Na uku, VPN na ofis, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da hanyar sadarwar kamfani a tsare. Wasu suna kwashe duk zirga-zirga, har ta cikin ɗaki, su kai ta wata uwar garke mai nisa, ko su toshe ta ɗungurungum. Sake yin ping ɗin bayan ka kunna VPN, domin gwajin da aka yi kafin kunna shi ba ya nuna komai. Idan lambar ta tashi ko amsa ta daina zuwa, nemi mai kula da na'urorin ofishinku ya ba da izinin shiga hanyar cikin gida, kar ka taɓa saitin da kanka. In kuma duk waɗannan sun fita, buɗe Task Manager a kwamfutar da ke karɓa ka ga ko injinta ko faifanta ya kai kashi 100 a daidai lokacin da kibiyar ke tsayawa.